Dakuwar Ista



A ƙasashen Turai, Ista takan zo lokacin da sanyi ke janyewa, itatuwa na toho, yara na neman ƙwan cakulan da aka ɓoye musu a lambu. Mu kuwa a tsakiyar bazara take samun mu. Kowace shekara tana faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, lokacin da rana ke dukan tsakar ka, cakulan ya narke tun kafin a kai shi gida. Ga tsadar fulawa da ƙwai. Gidaje da yawa a ikilisiyarmu ba sa iya gasa kek, kuma yara suna lura. Na sha jin yaro yana cewa Kirsimeti ta fi Ista, don ita ce mai cincin da sabon kaya.

Wannan magana ce ta sa mu masu koyarwa a makarantar Lahadi muke tara yara ranar Asabar, jajiberin Ista, mu yi dakuwa tare. Ba ta son tanda, ba ta son firji, zafi kuma ba ya narkar da ita. Muna sayo aya da gyaɗa waɗanda aka riga aka soya, don kada yaro ya kusanci wuta. Awonmu shi ne gwangwani 2 na aya, 1 na gyaɗa, rabin gwangwani na sukari, sai ɗan gishiri da garin citta.

Kowa da aikinsa. Bayan an wanke hannu da sabulu, ƙanana su tsince tsakuwa daga cikin aya, don ita ce ke karya haƙori. Na tsakiya su murje gyaɗa su bushe ɓawon. Manyan yara su karɓi taɓarya bi da bi. Ana fara daka aya a tankaɗe, sannan a zuba gyaɗa da sukari a ci gaba da daka har man gyaɗar ya fito, garin ya kama jikinsa. In ya ƙi haɗuwa, a ƙara gyaɗa. Daga nan sai mulmulawa, wadda ko ɗan shekara 4 zai iya. Muna tambayar iyaye tun da wuri ko akwai yaron da gyaɗa ba ta karɓe shi. Irin wannan yaro mukan daka masa dabino da kwakwa a wani turmin daban.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne turmin. Mukan ce kowane yaro ya kawo abin da gidansu ya samu. Wani ya zo da gwangwani cike, wata ta zo da abin da bai wuce tafin hannu ba a ƙulle cikin leda, tana ɓoyewa a bayanta. Akwai wanda ke zuwa hannu wofi. Da zarar an juye cikin turmi, babu mai iya nuna nasa. Wadda ta shigo da kunya ita ce za ka ji tana gardamar cewa tata mulmular ta fi kyau.

Kowane yaro yana tafiya da kashi biyu: ɗaya nasa, ɗaya kuma ya kai wa wani da kansa, ko gwauruwa, ko marar lafiyan da ba zai zo sujada ba, ko maƙwabcin da ya aiko musu da nama ranar Sallah. Yaron da ya saba karɓa kawai, ranar shi ne mai bayarwa. Mun daɗe muna gaya musu cewa Ista labarin kyauta ce. Sun fi ganewa in kyautar ta fito daga hannunsu.

Ranar Asabar da ƙarfe 4 na yamma za mu haɗu a ƙarƙashin darbejiyar harabar coci. Mai turmi a gida ya aro mana, mai ƙarfin daka ya zo da ƙarfinsa. Ubangiji ya kai mu lafiya. Amin.