Farin Ɓawon Lemu

A Zangon Kwatano akwai wata dattijuwa da ta daɗe tana sayar da lemun zaƙi a bakin titi. Ba ta ɓare lemu, fere shi take yi. Mai ɓarewa yana cire ɓawo gaba ɗaya, mai ferewa kuwa koren saman kaɗai yake zarewa da wuƙa, ya bar farin da ke ƙasa. A koren nan akwai wani mai da ke sa leɓe raɗaɗi. Farin shi ke riƙe lemun, har mai saye ya matsa ya tsotse ruwan ba tare da ya fashe a hannunsa ba.

Da ribar lemun da ake kawowa daga Za-Kpota ta tura 'yarta Jami'ar Abomey-Calavi. Yarinyar kuwa takan ji nauyin faɗa wa ƙawayenta sana'ar mahaifiyarta.

A ajin ilimin sinadarai ta fara jin sunan abin da ke cikin farin ɓawon, wato pektin. Wani Bafaranshe, Henri Braconnot, ya raɗa masa sunan a 1825, daga kalmar Girkanci mai nufin daskarewa. Dangin sitaci ne, domin doguwar sarƙa ce ta ƙananan ƙwayoyi masu kama da sukari, sai dai cikin ɗan Adam ba ya narkar da shi kamar sitaci. Aikinsa shi ne liƙa ƙwayoyin halittar tsiro da juna, ya kuma riƙe ruwa. Akwai irinsa a cikin yauƙin kuɓewa. Idan aka dafa shi da sukari da ɗan tsami, yana hucewa sai ya yi kauri ya kame. Busasshen ɓawon lemu yakan ƙunshi kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na pektin, shi ya sa masana'antun abinci suke sayen sa.

Da ta koma gida ta ce, "Inna, ashe farin da kike bari a jikin lemu har a jami'a ake karanta shi."

Uwar ba ta ɗaga kai ba. "Ni dai na san idan wuƙa ta wuce farin nan, 'yar nan, lemu ya ɓaci, kuɗin motarki ya tafi."

Washegari yarinyar ta zauna a bakin tiren, a idon jama'a, ta karɓi wuƙar. Sai da ta huda lemu uku kafin hannunta ya gane inda ake tsayawa.