Labarin Aza: Tsakanin Littafi da Fim

Masu karatu sukan ce duk littafin da aka mayar fim, to, an yi masa yankan ƙauna, an ɗebe tsoka an bar ƙashi. Ni kuwa ina ganin ba kullum ne haka ba. Hujjata ita ce wani littafi na Ingilishi da na karanta, daga baya kuma na kalli fim ɗinsa, mai suna Turtles All the Way Down, watau kunkuru bisa kunkuru har ƙasa. Wani Ba'amurke ne mai suna John Green ya wallafa shi a shekarar 2017, fim ɗin kuwa ya fito a 2024, wata mata Hannah Marks ce ta ba da umarni.

Labarin wata yarinya ce mai suna Aza Holmes, 'yar shekara goma sha shida, tsarata ke nan, tana zaune da mahaifiyarta a birnin Indiyanafolis. Wani attajiri ya ɓace, aka sa ladan dala 100,000 ga wanda ya ba da labarin inda yake. Sai ƙawarta Daisy ta matsa mata su shiga nema, domin Aza ta san ɗan attajirin, Davis, tun suna yara. Amma fa wannan duk ɓawo ne. Ƙwayar labarin ita ce ciwon da ke damun Aza, wanda likitoci ke kira OCD, mu kuwa mafi kusa da shi a bakinmu shi ne matsanancin waswasi. Tunani guda ne ke kama ta, cewa wata ƙwayar cuta ta hanji ta shige ta za ta kashe ta. Akwai wani miki a yatsanta da take ta famawa, ta matse, ta wanke, ta ɗaure, an jima kaɗan ta sake. Ta san sarai abin ba shi da kan gado, amma ba ta da ikon bari.

To, in ƙidayar aukuwa za a yi, lalle fim ya sauya abubuwa. Ya rage zancen neman attajirin. Ya ƙaro wata malamar jami'a wadda babu ita a littafi, har Aza ta yi tafiya zuwa Jami'ar Northwestern don ta saurare ta. Tatsuniyar nan ta duniya a bayan kunkuru, shi kuma a bayan wani, har ba iyaka, a littafi Daisy ce ta ba da ita, amma a fim daga bakin malamar ta fito. Wannan sauyi bai yi mini daɗi ba, gama magana ta fi shiga rai in ta fito daga ƙawar da ta sha wahalar zama da kai.

Sai dai babban aikin da ke gaban masu fim shi ne nuna abin da ido ba ya gani. Littafi yana iya saka mai karatu cikin kan Aza shafi bayan shafi, na'urar ɗaukar hoto kuwa fuska kaɗai take gani. Dabarar da suka yi ita ce, duk sa'ad da waswasin ya taso sai a ji muryar Aza tana gardama da kanta, ga wata ƙara mai cika kunne, ga hotunan ƙwayoyin cuta suna ta motsi. Isabela Merced, wadda ta fito a matsayin Aza, ta iya ƙwarai. Ba su kuma ɓoye wuri mafi ban tausayi ba, inda bayan haɗarin mota Aza ta sha ruwan nan na kashe ƙwayoyin cuta da ake shafawa a hannu, tana kwance a asibiti.

Abin da ya sa na ce fim ya riƙe amana shi ne bai warkar da Aza da ƙarya ba. Mun saba ganin finafinan da yarinya za ta haɗu da saurayi, shi ke nan duk baƙin ciki ya gushe. A nan Davis yana sonta, mahaifiyarta na sonta, Daisy ma haka, amma ciwo yana nan daram. Abin da ya taimake ta shi ne komawa wurin likitarta da shan magani bisa ƙa'ida, alhali da can tana wasa da shi. Littafi da fim duka sun ƙare a kan cewa za ta rayu, ta samu sauƙi, wata rana ciwon ya motsa, ta sake tashi. Ba mamaki, domin shi kansa John Green ya sha faɗa a fili cewa yana fama da wannan ciwo tun yana yaro. Wanda ya kwana a ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

'Yan'uwana ɗalibai, wannan zance ya shafe mu. Akwai mai sake alwala sau da yawa har salla ta wuce shi, akwai mai wanke hannu har fata ta tsage, mu kuwa sai dariya da laƙabi. Iyayenmu kuma, don Allah in yaro ya ce tunani ya dame shi, kada a ce iskanci ne ko lalaci. A yi masa addu'a, a kuma kai shi ga likita, gama ciwon ƙwaƙwalwa ciwo ne kamar zazzaɓi, yana kuma da magani.

Shawarata ita ce a fara karanta littafin, sa'an nan a kalli fim. Littafin ya fi zurfi, amma fim ɗin bai ci amanarsa ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.