Safiyar Asabar a Dutsen Kufena

Yau ina so in kai ku Dutsen Kufena, yamma da birnin Zariya.

Ni malamar firamare ce. Litinin zuwa Jumma'a ina aji, ran Laraba da la'asar kuwa ina koya wa matan unguwarmu karatu kyauta. Safiyar Asabar kaɗai na keɓe wa kaina. Gari na wayewa sai in hau keke, in ratsa Wusasa, inda majami'ar ƙasa ta 1929 ta ke, in bi turba mai tsakuwa tsakanin gonakin dawa. A gindin dutsen na kan jingine keken, in hau da ƙafa. Daga bisa kya hango birni da ragowar tsohuwar ganuwa.

Bara gyaran littattafan yara ya yi mini yawa, na ajiye keken wata biyu. Raina ya ƙuntata, har na daka wa wata yarinya tsawa ba gaira ba dalili. Kwana uku ba ta zo makaranta ba, sai da na bi ta gida na ba ta haƙuri.

To, 'yar'uwa, ki cire wa kanki rabo a cikin mako. Rijiya ma in ana ja ba hutu, laka ta kan bayar.