Guzurin Rana

Abin da ya sa muka ɗora wa motarmu faifan sola ba burga ba ce, ba kuma son a ce mun waye ba. Wata asara ce muka yi wadda har gobe idan muka tuna ta sai jikinmu ya yi sanyi. A cikin damina ta 2021 mu uku muka je wani ƙauye a arewacin Daura wurin wani dattijo da aka ce mana ya yi fatauci da jakuna tun yana saurayi, ya san zango-zango daga Katsina har Damagaram. Muka same shi, ya karɓe mu hannu biyu-biyu, ya fara ba da labari ke nan sai rikodarmu ta mutu. Muka koma kan wayoyinmu, su ma ba su kai la'asar ba. Garin babu wuta, mai injin cajin waya kuma ya tafi cin kasuwa. Muka rubuta abin da hannu ya iya kamawa, muka ce, "Baba, za mu dawo bayan kaka in Allah ya yarda." Ya ce Allah ya kai mu. Da kaka ta yi muka koma, ta'aziyya muka yi.

Duk marubucin da ya taɓa fita neman labari a bakin tsofaffi ya san irin wannan ciwon. Littafi idan ya ɓata akan sami wani kwafe, amma tsoho ba shi da kwafe.

To, a kan hanyarmu ta komowa Katsina ne muka yanke shawarar cewa ba za mu sake fita ba sai da wutarmu. Muna da wata tsohuwar bas ƙirar Hiace da muka haɗa kuɗi muka saya, muka cire kujerun baya, muka shimfiɗa katako da tabarmi, ta zama ɗaki da ofis a lokaci guda. Niyyarmu kuwa doguwa ce: mu bi ta Daura mu ƙetare iyaka a Kwangwalam, mu ratsa Matamai zuwa Damagaram, mu juyo yamma ta Tasawa zuwa Maraɗi, sa'an nan mu gangaro ta Ɗan Isa da Jibiya mu shigo gida. Mai karatu da ya san tarihi zai gane dalili. Wajen 1807, da jihadi ya ci Katsina, sarakunan Haɓe arewa suka yi, daga baya zuriyarsu ta kafu a Maraɗi, inda har yau ake kiran sarkin Sarkin Katsina. Rabin labarin garinmu yana can ƙetaren iyaka. Ta Tasawa ɗin nan kuma Bajamushen nan Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya biyo ayari ya shigo Katsina a farkon 1851.

Da farko tunaninmu na yara ne. Ɗaya daga cikinmu ya ɗauka idan aka lulluɓe rufin mota da sola to an yi sallama da gidan mai. Mai wayarin ɗin motar da muka kai wa aikin, wani magidanci da ke da rumfa wajen Ƙofar Ƙaura, ya saurare mu har muka gama, ya yi dariya ya ce, "Malam, wanga abu ba ya tura mota. In kun tsaya ne yake yi maku rana." Muka zauna da biro da takarda muka ga gaskiyarsa. Kariyar motar ba ta ɗaukar fiye da faifai biyu masu wat 200 kowanne, wato wat 400 a haɗe. A ƙasarmu ana ƙiyasta hasken yini guda daidai da kamar awa biyar na rana tsaka mai ƙarfi. Idan aka cire abin da zafi da ƙura da wayoyi ke ci, abin da zai rage a yini bai wuce wat-awa 1,500 ba, wato wutar da za ta riƙe ƙwan fitila mai wat 10 na tsawon awa 150. Ita kuwa litar fetur guda, ko bayan injin ya ƙone mafi yawan ƙarfinta a banza, aikin da take yi ya kusa ninka wannan biyu. Ashe duk ranar da za ta gasa mu daga hantsi zuwa la'asar sakaliya ba za ta kai mu ko Batagarawa ba.

Ba wai ba a yi ba ne a duniya. A 2021 ɗin nan wasu ɗaliban jami'ar Eindhoven ta ƙasar Holan sun ƙera wata mota mai ɗakin kwana, Stella Vita, suka tuƙa ta kimanin kilomita 2,000 har Tarifa a kudancin Sifen. Amma ita tun daga tushe don haka aka gina ta, ba ta da nauyi, kuma idan ta tsaya tana buɗe fukafukai har faɗin faifanta ya kai murabba'in mita 17.5. Namu duka biyun kamar murabba'in mita 2 ne. A Maiduguri ma Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas-bas yana sa masu na lantarki, sai dai ko su yawancin cajinsu a tasha suke sha, ba daga rufinsu ba. Muka haƙura da mafarkin, muka tsaya inda ƙarfinmu ya tsaya.

Wajen sayen kaya ne muka fara biyan kuɗin makaranta. Wani mai shago a kasuwa ya sayar mana da faifai biyu da araha, an manna masu takarda mai cewa wat 300. Da mai wayarin ya sa masu mita a tsakar rana, ko rabin haka ba su kawo ba. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. Sai da aka yi kwana uku ana kai-kawo, da sa bakin wani dattijon kasuwa, kafin aka musanya mana da na gaskiya, muka cika kuɗi. Daga nan muka sayi batir mai amfa 200, da kwantirola wadda ke tsakanin faifai da batir tana hana shi cika har ya lalace, da inbata mai juya wutar batir ta bolt 12 ta koma irin ta gida.

Abubuwa uku mutumin nan ya nace a kansu, kuma duk ukun mun ga amfaninsu. Ya sa mai walda ya ɗaga faifan kamar yatsu huɗu daga rufin mota don iska ta riƙa ratsawa, domin, abin mamaki, sola ba ta son zafi: haske take so, kuma duk digiri guda da faifan ya hau sama da 25 yana rage kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa. Ya ƙi amfani da siririyar waya tsakanin batir da inbata, ya ce za ta yi zafi ta kama da wuta muna barci, ya kuma sa fis dab da kan batirin. Sa'an nan ya raba sabon batirin da na tayar da mota sarai. "Ko kun shanye wancan ƙarƙaf," in ji shi, "ku dai ku wayi gari motarku ta tashi." Ya ƙara da gargaɗin da muka ji da kunne ɗaya: irin wannan batirin ba a shan fiye da rabinsa, in ba haka ba ba zai yi shekara ba. Wato cikin wat-awa 2,400 da ke cikinsa, 1,200 kawai ne namu.

Muka tashi a watan Disamba na 2022, mu uku da direba. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu mun fafe namu, domin a daren tashi ne muka cusa ƙaramin firij na gida da butar lantarki a bayan mota ba tare da mun sa su cikin lissafi ba. Kwanaki biyun farko sai son barka. A Damagaram muka kwana kusa da unguwar Birni, muka kunna fitila, muka juye hirarrakin yini cikin kwamfuta, muna shan shayi muna jin kanmu kamar Turawan yawon buɗe ido.

Abin da ba mu yi tunani ba shi ne hunturu. Katsina tana wajen digiri 13 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta rana kan bi ta tsakar ka, faifan da ke kwance a rufin mota ya sha ta sosai. A Disamba kuwa ta karkata kudu, ko da tsakar rana kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi. Ga hazo ya rufe sama, ga jar ƙurar hanya tana kwanciya a kan gilashin kamar an barbaɗa gari. Lambar da ke jikin kwantirola ta riƙa sauka kullum, mu kuwa muna kallonta kamar ba da mu take ba.

A wani ƙauye kafin Tasawa abin ya fashe. Mun sauka gidan mai gari, aka ba mu fura da wurin ajiye mota, aka kuma haɗa mu da wata tsohuwa wadda kakanta, in ji ta, daga Katsina ya yi hijira. Kafin magariba labari ya zaga gari cewa baƙi sun zo da mota mai kuran, haka mutanen can ke kiran wutar lantarki. Sai ga yara da wayoyi, wannan ta babansa, wannan ta yayarsa, wannan ta liman. Wa zai ci furar mutane ya hana su caji? Muka jona, muka jona, har muka ƙirga talatin. Da asuba inbata ta yi ƙara ta ɗauke. Kwamfuta babu caji, katin rikoda ya cika ba mu juye ba, tsohuwa kuma ta ce da hantsi za ta zauna da mu domin da azahar za ta tafi biki wani gari.

Ba za mu ɓoye wa 'yan'uwa marubuta ba, maganganun da muka yi a cikin motar nan da safiyar nan ba su da daɗin maimaitawa. Muka ce mutanen ƙauye ba su da ta-ido. Muka ce daga yau ko wayar sarki ce ba za mu jona ba. Har ɗayanmu ya kawo shawarar mu riƙa cewa na'urar ta lalace. Direbanmu, wanda ya girme mu duka kuma bai yi boko mai zurfi ba, yana jinmu bai tanka ba, sai can ya ce, "Malamai, ku da kuka iya lissafi, ku lissafa mana mu ji. Wace ce ta fi ci?"

Muka ɗauko takardar nan ta Ƙofar Ƙaura. Ƙaramar waya ba ta shan fiye da wat-awa 10 zuwa 15 kafin ta cika, da yawa daga cikin waɗanda aka kawo ma masu maɓalli ne da ba su kai haka ba. Talatin ɗin duka ba su kai 400 ba. Kwamfuta awa uku, 180. Firij kuwa, wanda ba abin da ke cikinsa sai ruwan leda da lemo, a cikin sanyin da muke kwana da bargo, yana lashe wajen 600 a yini. Ita kuma butar lantarki mai wat 1,500, duk tafasa guda ta minti goma 250 ce, mu kuwa sau huɗu muke dafa shayi. Dubu guda ke nan cif. Kowa ya yi shiru. Shayinmu kaɗai ya ci abin da ya fi na wayoyin garin ninki biyu da rabi, ga shi mun kwana muna zagin mutanen da suka ba mu masauki.

Direba ya hau kariya da tsumma ya goge faifan, nan take lambar ta motsa. Muka juya motar, muka ɗora ƙafafunta na gefen arewa a kan wani tudu don rufin ya ɗan fuskanci kudu. Muka zare firij. Muka aiki yaro ya aro mana kurfoti da gawayi. Sa'an nan muka tafi wurin tsohuwa da littafin rubutu, muka ce, "Inna, a yi mana haƙuri, na'urarmu sai ta ɗan sha rana." Ta ce ai ita ma sai ta sha ranar take iya magana. Muka zauna da ita a jikin danga ana hirar duniya har wajen ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da kwamfuta ta samu abin da za ta tashi, muka juye katin, muka kunna rikoda. Ta yi mana awa biyu da 'yan mintoci. Bikin ma ba ta tafi ba sai la'asar.

A cikin hirar tata ne ta ambaci yadda madugu ke yi da ruwa idan ayari ya shiga dajin da babu rijiya: shi ke sanin salka nawa ake da su, zango nawa ya rage, kuma ba a kwance bakin salka sai da izninsa. Muka dubi juna. Daga ranar muka naɗa direba madugun batir. Shi ke duba lamba safe da yamma, shi ke cewa a jona ko a dakata, kuma tsarin da ya kafa bai canza ba har muka dawo: rikoda da kwamfuta tukuna, sai fitila, sai wayoyin masu masauki, namu su ne na ƙarshe. Ruwan sha kuwa ya naɗe jarka da jiƙaƙƙen buhu ya rataye ta a inuwar mota, irin yadda direbobin manyan motoci ke yi, ya kuwa yi sanyi har yana kashe haƙori. Firij ya ƙarasa tafiyar a matsayin akwatin ajiye littattafai.

Mun yi kwana huɗu a Maraɗi, muka shigo gida ta Jibiya da hirar mutum goma sha ɗaya. Mun so mu koma da baɗi mu kai har Agadas, sai aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Kafin nan kuma an janye tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin man tafiyar ya fi ƙarfin aljihunmu. Batirin nan, kamar yadda mai wayarin ya faɗa, bai yafe mana daren Tasawa ba, ya mutu kafin ya cika shekara biyu, muka sake wani. Motar tana nan a ƙofar gidan ɗayanmu, mun ja waya daga cikinta zuwa zauren da muke haɗuwa ranar Asabar muna karanta wa juna rubuce-rubucenmu. Har yanzu muna kan kwafe hirar tsohuwar nan a takarda, mun kai shafi na 46, daidai inda take lissafa rijiyoyin da ke tsakanin Gazawa da Katsina.