Kafin ki kira mai gyara

'Yar'uwa, idan intanet ɗin gida ya ɗauke yara na tsaka da darasi a kwamfuta, dakata da kiran mai gyara. Mu a asibiti numfashi muke fara dubawa, haka nake yi wa rauta: fitilunta na ci kuwa? Zare kebul ɗin da ya haɗa ta da kwamfuta, ki mayar sai kin ji ƙas. Bi shi ta jikin bango ko ɓera ya taɓa, domin siraran wayoyi 8 ne a cikinsa, tsinkewar ɗaya kan tsayar da aiki. Kashe rautar na daƙiƙa 30, ki kunna. In shiru, gwada wani kebul. Sau da yawa kuɗin gyaran nan cefane yake komawa.