Abin Da Na Gano A Kan Tudun Wamakko



A ƙarshen daminar bana ni da wani abokina muka hau wani ɗan tudu mai jan marmara da ke kusa da garin Wamakko, yamma da birnin Sakkwato. Ba wani dogon dutse ba ne, amma sai da muka tsaya sau biyu muna haki kafin mu kai ƙololuwarsa. Gaskiyar magana, ba tafakkuri ya kai ni ba. Hoto na je ɗauka domin in ɗora a Facebook a yaba.

Daga can sama sai ga fadamar Rima shimfiɗe a gabanmu. Gulbin yana tafiyarsa a hankali ya nufi Argungu, ga tabkunan da ambaliya ta bari suna ƙyalli kamar an zuba madubai cikin gonakin shinkafa. Na yi ta ɗaukar hoto ina sakewa, ko "Subhanallah" ban furta ba.

Muna nan sai wani dattijo da ke kiwon awakinsa ya matso, muka gaisa. Ya ce, "Ɗana, mi kaka ɗauka?"

Na ce, "Baba, kyawun ruwan nan."

Ya yi murmushi, ya nuna mini wani gefe da sandarsa, ya ce can gonarsa take. A ambaliyar 2010, wadda ta yanke hanyar Kwalkwalawa har mutane suka koma shiga jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da kwalekwale, ruwan ya shanye masa shinkafa ana gab da girbi. Da rani kuma a laimar da ruwan ya bari ya dasa albasa, da ita ya ciyar da iyalinsa. Ya ce, "Wanda ya karɓa shi ya mayar. In yi fushi da wa?"

Daga nan ya dubi inuwarsa, ya ce La'asar ta yi. Ni da ke riƙe da waya mai nuna lokutan salla ban lura ba. Ya raba mana ruwan gorarsa muka yi alwala, ya ja mu salla a kan tsakuwa.

Na sauko jikina a sanyaye. Tun ina yaro na haddace Suratul Gashiya, wadda ke umartar mu da duban raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa, amma ranar nan na gane cewa kallo daban, lura daban. Ni na ga abin nuna wa mutane, shi kuwa ya ga jarrabawa da rahama cikin ruwa guda.

Ba na cewa hoto laifi ne. Sai dai, ɗan uwa, idan ka hau tudu, bari zuciyarka ta riga wayarka gani. Hotunan nan har yau ban ɗora su ba.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.