Tsakanin Riruwai da Dala

A Riruwai, ƙaramar hukumar Doguwa, na koyi hawan dutse tun ina bin awaki. Duwatsunmu ba su da matakala. Da yatsun hannu da na ƙafa ake lalubar tsaga, har ka kai ƙololuwa ka hango tsofaffin ramukan haƙar kuza.

Da na gama jarrabawar WAEC, Kawu ya ce in koma Kano wurinsa. Na je ganin ido. Motarmu ta ratsa dajin Falgore, ta wuce Tudun Wada, duwatsu suna raguwa, ƙasa tana shimfiɗewa. A birni na hau Dutsen Dala ta matakalar siminti, ko gumin kirki ban yi ba.

Ranar barci ya ƙaurace mini. In na zauna gida, ga dutse amma babu jami'a. In na tafi, Jami'ar Bayero tana koyar da ilimin duwatsu da ma'adinai, abin da nake takawa tun ina yaro ban san sirrinsa ba.

Da safe na ce, "Kawu, zan zo, amma duk hutu a Riruwai zan yi."

Ya yi dariya, ya ce, "Allah ya taimaka, ɗan awaki."